Ba Dije Ce Ta Gina Tukunyar Ba

Yaya Dije ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina zaune da kofin koko a hannu. Jikarta ce ta kira, ta ce Hajiya sai haƙuri, Iya ta cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kokon yana nan inda na ajiye shi har yanzu.

Na yi kuka, amma ba kukan ne ya sa na ɗauki waya ina latse-latse da yatsun tsufa ba. Haushi ne.

Ko awa biyu ba a yi ba aka sa hotonta a guruf ɗin 'yan garinmu. Mutane suna ta Allah ya jiƙanta, sai ga wani, wanda na tabbata a tukunyar matar nan aka dafa ruwan wankan jegon kakarsa, ya rubuta wai: "Au, dama akwai Dijen? Ni na zaci karin magana ce kawai." Ya jera fuskokin dariyan nan har uku. Wasu biyu suka taya shi.

Ko makwancinta ba a kai ta ba a lokacin.

Ga waɗanda ba 'yan wajenmu ba, bari in yi muku bayani. A ƙauyukanmu na ƙasar Bebeji, in aka ga abu mai kyan ido amma babu ƙwari, sai a ce tukunyar Dije. Sabon gini ya tsage damina ɗaya, tukunyar Dije. Saurayi ya sha babbar riga alhali ko akuya ba ya da ita, tukunyar Dije. Shekara kusan saba'in ana yin wannan magana, matar kuma tana ji da kunnenta.

To ku buɗe kunnuwanku. Dije ba ta gina tukunyar da ake faɗa ba. Ni na gina ta.

Ni Uwani, wadda kuke ce wa Hajiya ungozoma, kuna durƙusawa kuna gaishe ni.

Daga Doguwa aka kawo ni ina amarya, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Lokacin babu dam a Tiga. Inda kuke kamun kifi yanzu gonaki ne da fadama, ramin da Dije take haƙar yumɓu ma yana ƙarƙashin ruwan nan. Darni ɗaya ya raba gidan mijina da nasu. Ta girme ni da kamar shekara tara, shi ya sa nake ce mata Yaya. Ita kuwa Amarya take ce mini, har na yi furfura, har na yi tattaɓa kunne, ba ta canja ba.

Ranar da na fara girki a gidan miji tuwon ya yi gudaji, ga shi bai nuna ba. Ina tsugune bakin murhu ina hawaye, sai na ji an ce, "Ke Amarya, miƙo akushin." Ta saman darni ta karɓa, ta juye nata tuwon a ciki, ta miƙo mini. Uwar mijina ta ci ta ce ashe 'yan Doguwa sun iya tuƙi. Gidan Dije kuwa ranar nawa gudajin suka ci.

Ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Ni na roƙe ta ta koya mini gini. Wata uku ban taɓa komai ba sai taɓarya. In daka tsingaro, wato fasassun tukwane, ya yi laushi, a zuba cikin yumɓu, in taka da ƙafa har ƙuguna ya riƙe. Da na yi ƙorafi sai ta ce, "Wadda ba ta san laka da ƙafarta ba, ba za ta san ta da hannu ba. Taka."

Matar nan ba ta sayar da tukunya yadda ake sayar da gyaɗa. In kika zo saye, sai ta titsiye ki da tambaya kamar alƙali. Baki nawa ne a gidan? Itace kuke ƙonawa ko kara? Wa ke tuƙin, ke ko 'yarki? In tulu ne sai ta ce a kawo mata wadda za ta riƙa ɗauka, ta dubi wuyanta, ta sa ta kama wuyan tulu ta ga ko hannun ya zagaye. Na ga ranar da ta hana wata mata babban tulu, ta ce, "Rijiyarku da nisa, 'yarki kuma siririya ce. Ɗauki ƙaramin, ta yi sawu biyu, ya fi a karya mata wuya."

Randa kuwa ba ta goge cikinta sumul. Sauran magina sukan goge da 'ya'yan kuka har ta yi sheƙi, don ta ja ido a kasuwa. Dije sai ta bar tata da kaushi. Ta ce randar da ba ta gumi ba ta sanyaya ruwa, in an toshe mata jiki an kashe ta.

Ɗan zanen da take yi a kafaɗar tulu, na taɓa ce mata yana da kyau. Ta harare ni. "Wa ya ce miki ado ne? Hannu jiƙe, tulu jiƙe, in babu wannan kaushin ina za a riƙe?"

Wata uwar amarya ta zo tana son tukwane masu zane na jere, waɗanda ba za a ɗora a wuta ba. Lokacin kwanukan Turawa masu fenti sun fara shigowa ƙauye. Dije ta ce, "Baba, je ki sayi kwano ki jera. Nawa ba sa son zaman banza, wuta suke ci."

Tana da al'adu biyu, kuma a kansu komai ya faru.

Na farko, duk abin da aka gina a tsakar gidanta, nata ko na mai koyo, tun yana ɗanye sai ta danna masa babban yatsanta a ƙarƙashin baki. Daga Kiru har Badafi an san wannan yatsa. Mata ba sa ma duba tukunya in sun gan shi.

Na biyu, kashegarin toyi in toka ta huce, sai ta zauna a kan turmi a riƙa miƙo mata kayan ɗaya-ɗaya. Ta ɗaga, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta kara kunne. Lafiyayyiya amo take yi garau. Mai ciwo muryarta a dushe take. Duk wadda ta dushe, nan take Dije za ta sa taɓarya ta fasa da hannunta. Babu ragi, babu kyauta. Wasu magina sukan ba da irin waɗannan a zuba hatsi ko a ba kaji ruwa. Ita ta ce a'a. "Tukunya ba ta da baki. Yau hatsi aka zuba, gobe baƙuwa ta shigo gidan ta ɗora ta a wuta. Wa zai gaya mata?"

Na sha jin wannan magana. Ba zan ce ban sani ba.

A shekarata ta biyu ta bar ni na gina babbar tukunyar tuwo, irin ta taro, wadda mace biyu ke kamawa. Ina da ciki wata biyar lokacin. Kwana huɗu na yi a kanta. Na shafe ta da jar ƙasa, na goge ta da 'ya'yan kuka har ina ganin inuwata. Dije ta zagaya ta, ta ce ba laifi, ta danna yatsa. A bakin Dije "ba laifi" ya fi kirari.

Aka toya. Ta fito ja wur, duk matoyar babu kamarta.

Dije ta ƙwanƙwasa. Ta juya, ta sake. Ta sake na uku. Sai ta kifa ta, ta kama yatsana ta bi da shi ta gindin. Wata 'yar tsaga ce kamar silin gashi, ido ba ya gani sai an nuna.

"Ta mutu, Amarya."

Na fashe da kuka kamar an ce uwata ce. Ta riga ta ɗaga taɓarya, sai ta dube ni, ta dubi cikina, ta sauke. Ta ce, "To, abarki ce. In kin huce ki fasa da hannunki." Ta ɗauki kwando ta tafi haƙar yumɓu.

Ban fasa ba.

Na mirgina ta bayan rumbunsu, na kwaɓa laka da toka na shafe tsagar, na bi da ruwan makuba, wato na ɓawon ɗorawa, har wurin ya saje, na rufe ta da kara. Na daka wasu tsofaffin tsingaro don ta ga gari a turmi. Wallahi da farko niyyata in riƙa leƙawa ina kallonta ne kawai.

Bayan kamar mako ɗaya Dije da mijinta suka kai kaya kasuwar Kiru. Sai ga Tabawa, wata mata daga unguwar gabas, mai fara'a, mai 'ya'ya huɗu. Ƙanwarta ta haihu, jibi suna, tukunyar taronsu kuma ta fashe. Dama in Dije ba ta nan ni nake miƙa wa masu saye kaya. Muka duba, babu babba ko ɗaya.

Har ta juya za ta tafi na ce, "Tsaya, akwai wata."

Ba yunwa ce ta sa ni ba, kada wani ya nema mini uzuri. So nake a ɗora ta a tsakiyar taro, mata su ce kai, wa ya gina wannan, ni kuma in sunkuyar da kai ina jin daɗi. Shi ke nan dalilin. Na ce a raina tsagar ƙarama ce, Yaya ce dai da tsanani.

Tabawa ta shafa ƙarƙashin bakin, ta ji yatsan. Na ce ko za ki ƙwanƙwasa, don dai in wanke kaina. Ta yi dariya ta ce, "Yatsan Dije ai ya wuce ƙwanƙwasa."

Ranar suna ina wurin. Da hantsi ne, an cika ta da ruwa, an hura mata itacen kirya, talge yana tafasa yana tsalle. Tabawa ce a kan muciya, ta tattare zane, ta matso da ƙafafunta jikin murhu don ta sami ƙarfin tuƙi. Sai muka ji ƙas. Gindin ya zube gaba ɗaya.

Na yi aikin asibiti shekara talatin bayan nan, na ji ihu iri-iri. Ban sake jin irin na Tabawa ba.

Daga gwiwa zuwa tafin ƙafa, duka biyun. Ta rayu, amma dugaduginta na hagu bai sake taɓa ƙasa ba har ta koma ga Allah.

Aka aika aka kira Dije. Ta shigo hannunta duk laka. Mata sun yi cirko-cirko, an tara fasassun a gabanta. Ta ɗauki gindin, ta kankare da farce, toka da makuba suka zubo. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya. Ina cikin mata, na dafe ciki.

Wata dattijuwa, gwaggon Tabawa, ta ce, "Dije, taki ce ko ba taki ba?"

Ta ce, "Ga yatsana nan, Gwaggo."

"Kin ƙwanƙwasa ta?"

"Na ƙwanƙwasa."

"Me kika ji?"

"Na ji ta mutu."

Gwaggon ta ce, "Kika ji ta mutu, kika bar ta?"

"Na bar ta."

Ku duba fa, ko ƙarya ɗaya ba ta yi ba. Suna ɗaya kawai ta haɗiye. Ni kuma da sunan yake nawa, ina tsaye taku biyar daga inda take, bakina a rufe kamar an ɗinke. Wata ta tofa mata yawu a zane. Wata ta ce kyan ɗan maciji ke nan, a shafe tsaga a sayar wa mutane. Kafin la'asar maganar ta zagaye gari.

Da yamma na tsallaka gidanta na zube a ƙasa, na ce zan je in faɗa. Tana wanke hannu, ko kallona ba ta yi ba.

Ta ce, "Ki faɗa wa wa? Ke baƙuwa ce a garin nan, ga ciki. In suka ji, gobe kina hanyar Doguwa, abin da kika haifa kuma in an yaye a karɓe. Ni a nan aka binne cibiyata, ba inda za su kai ni. Muddin ina numfashi ki rufe bakinki."

Na ce to.

Sai ta ce, "Amma ke da yumɓu har abada. Kada in sake ganin hannunki a lakata."

Hukuncina ke nan gaba ɗaya. Ban sake gina ko asusu ba.

Yanzu ku ji nata.

Kwana arba'in tana zuwa gidan Tabawa tana wanke ƙafafun, tana shafa zuma, tana kwashe kashi da fitsari, dangin suna zaginta a kan kunnenta. Ranin nan duka ita ta riƙa ɗebo wa gidan ruwa. Mata suka riƙa dawo da tukwanen da suka shekara suna girki a ciki lafiya lau, suna jibge mata a ƙofar gida. Iyayen amare suka koma wajen wasu. Mijinta ya yi wata bai ci tuwonta ba. Dole suka riƙa ɗora kaya a jaki har Tudun Wada, inda labarin bai kai ba, a tafi tun da sassafe a dawo ƙafa a kumbure.

Da wata mace ce, da ta bar sana'ar. Dije sai ta canja abu ɗaya. Ta daina danna yatsa a ɗanyen gini. Sai an toya, ta ƙwanƙwasa, ta cika da ruwa ya wuni, sannan ta sa ƙusa ta karce alamarta a jiki. Ta ce ta yi kuskure da take sa hannu kafin wuta ta faɗi nata. Duk wanda yake da tsohuwar randa a gidansu ya je ya duba. In karce ne ba yatsa ba, bayan abin nan aka gina ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne munafuncinmu. Bakin da ke cewa tukunyar Dije a dandali, shi ne in zafin bazara ya taso zai aika a ɓoye a sayo randarta, don duk yankin babu mai sanyin tata. A sha ruwan, a goge baki, a koma a ci gaba da karin magana. Har yau in wuta ta ɗauke firji ya zama akwati, randar wa kuke buɗewa a ɗakin kakanninku?

Ba wanda ya taɓa tambayar yadda matar da ke fasa tukunya saboda silin gashi za ta shafe tsaga da toka. Ba wanda ya tsaya ya yi wannan tunanin. Dariyar ta fi daɗi.

Ni kuwa na haihu lafiya a ɗakina. Na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da aka tashe mu saboda ruwan dam, mijina ya sami aiki muka koma Kano. Na zama ungozoma, na je Makka sau biyu, aka sa mini haƙorin zinare. Ita tana nan Dije mai tukwane a sabon matsuguni, tana neman wani ramin yumɓun, tana gini har yatsunta suka ƙage.

Duk haihuwar da na yi sai ta aiko mini da sabon kaskon wuta. Tara na haifa.

Tabawa ma, duk zuwan da na yi gida sai ta ɗingiso ta zo gaishe ni, ta ɗauki ɗana ta sa masa albarka. Ta rasu ba ta sani ba. Na je ta'aziyyarta, na zauna, na ci tuwon sadaka.

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma tunda ranar wanka ce ba zan ɓoye cibi ba. A wani biki, shekaru da yawa bayan nan, muna zaune da mata ana maganar wata atamfa da ta zuba wanki ɗaya. Sai na ji bakina ya ce, "Ai tukunyar Dije ce." Aka kwashe da dariya, har da tafawa. Ban san me ya sa na faɗa ba. Ko kuwa na sani: so nake in zama cikin masu dariya, kada a ga ni kaɗai ce ba na yi. Na waiga ban ga Yaya kusa ba, na ce Allah ya rufa asiri.

Ganina da ita na ƙarshe bayan Babbar Sallar nan ne. Idonta ya tafi, tana zaune a tabarma a inuwar ɗaki. Na yi sallama, ta ce, "Amarya ce? Har yanzu kina jan ƙafar dama in kina tafiya."

Na kai mata kofin tangaran. Ta karɓa, ta laluba, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa ta kara kunne. Ta ce, "Wannan yana da rai." Sannan ta tambayi 'ya'ya.

Na ce, "Yaya, don girman Allah ki sake ni in faɗa. Mun tsufa. Wa zai kore ni zuwa Doguwa yanzu?"

Ta ce, "Ki faɗa a yi me? A mayar wa Tabawa ƙafarta?"

Na ce a wanke sunanki.

Ta yi 'yar dariya. "Ke har yau kina tsammani rufa miki asiri kawai na yi. Amarya, na ji tukunyar nan da kunnena. Taɓarya tana hannuna. Na ga hawayenki na sauke. Ke yarinya ce mai son abin da ta gina, kowa ya taɓa zama haka. Ni ce na san abin da talge yake yi wa fata, kuma na sauke. Ban taɓa tausaya wa tukunya ba sai ranar, ga abin da ya haifar. To laifin wa?"

Na ce nawa ne.

Ta ce, "Naki ne, nawa ne. Ni na ɗauki nawa."

Can sai ta ce, tana murmushi, "Har ke ma ai kin taɓa faɗa. Ranar bikin nan, maganar atamfa. Ina bayan ɗaki ina wanke kwanuka. Kin iya faɗa kuwa, an yi dariya sosai."

Shekara arba'in tana riƙe da wannan. A cikinsu ta aiko mini da tanda, ta aiko da randa, ta yi mini zaman makokin mijina kwana bakwai.

Na kama ƙafafunta ina kuka. Ta ture ni ta ce in tashi kada jikoki su gani. Da zan tafi ta ce, "In na mutu bakinki naki ne. Amma kada ki ce don ni kika yi, ni na gama da wannan tuni."

To ga shi ta mutu, ga bakin.

Ina jin haushin wanda ya yi dariya a guruf. Ina jin haushin iyayen da suka koya masa. Ina jin haushinta ita ma, Allah ya gafarta mini, don ta ɗaure ni da alherin da ba ni da bakin ramawa, ta tafi ta bar ni da shi. Amma duk haushin nan in an tara bai kai wanda nake ji da kaina ba. Hanin da ta yi mini daɗi ya yi mini. Na laɓe a bayansa shekara saba'in ina cewa ai Yaya ce ta hana. Da na so faɗa da gaske, wa ya isa ya riƙe mini harshe? Na san ihu bayan hari nake yi.

'Ya'yana, a nan za ku fara jin wannan, ku yi haƙuri, ban iya kallon idonku in faɗa ba. Kai babbansu, kai ne a cikina a ranar. Ka girma a gidan ubanka, a gaban uwarka, ka ci gadonka, saboda wata mata ta tsaya an tofa mata yawu. Ka bar duk abin da kake yi ka zo ka kai ni gida yau.

Ku kuma 'yan garinmu, kada wanda ya rubuto mini cewa Hajiya kin yi jarumta. Zan goge. In kuna son yin wani abu, ku karanta wa tsofaffinku wannan, waɗanda ba sa riƙe waya, don su ne suka fara maganar. In kuka ji wani ya sake yi, ku gaya masa sunan wadda ta gina.

Ya Allah, ga baiwarka Dije ta zo maka. Ka san abin da ta ɗauka wanda ba nata ba, ka san mutanen da suka sha ruwa mai sanyi ta dalilinta. Ka sanyaya mata kabari, ka yalwata shi, ka shafe kurakuranta, ka haɗa ta da Annabin rahama. Ka jiƙan Tabawa, ka musanya mata da ƙafafun da ba sa ciwo.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya tsaya ya yi wa matan nan biyu addu'a, ya kira sunansu da baki.

Ni ma ku sa ni, amma a ƙarshe. In an tashi daga gaisuwa zan wuce unguwar gabas ta sabon matsuguni. Tabawa ta bar 'ya mace guda da ke raye, wadda ta yi ƙuruciyarta tana ɗaukar wa uwarta tulu. Zan durƙusa a gabanta in faɗa mata da bakina, kuma ban san ko za ta amsa sallamata ta biyu ba.